Rijiyar da Agogon Mota Ya Cike

Yayana ya daɗe da rasuwa. Na je, na zauna cikin mata, na karɓi gaisuwa kamar yadda ake yi. Amma in ana so in ce na huce, to ban huce ba. Jikokina sukan ce, "Kaka, mutum ya riga ya kwanta dama, ki ƙyale shi mana." Shi kam na bar shi da Ubangijinsa. Zancen motarsa ne ban bari ba, kuma yau sai na faɗe shi tun daga tushe.

A shekarun farko bayan Nasara sun miƙa mulki, muna zaune a wata ƴar tunga arewa da Tanut, wajen hanyar Tenhya. Muna noma gero, muna da ƴan shanu da awaki. In an yi ruwa ƙasar ba ta da laifi, amma da rani ya kama, ruwan sha sai a tsohuwar rijiya, wadda ke hannun wani dattijo makiyayi tun zamanin kakanninsa. Nakan kora jakuna bayan sallar asuba, ba na isa sai hantsi ya ɗaga sosai, kuma ko na isa sai na jira garkensa ya gama sha. In dawo gida yamma lis da ruwa a salka, ƙafa ta kumbura, ƴar da ke bayana ta yi kuka har murya ta dushe. Haka nake yi, in huta yau gobe in koma.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Wata rana ya daɗe yana duban ƙafafuna, sa'an nan ya ce zai haƙa mana rijiya. Na ɗauka zance ne. Ashe har ya riga ya yi magana da wasu mahaƙa daga wajen Belbeji, ya ba su karsanunmu, waɗanda muke sa rai su zama garke. Wanda ya san ƙasarmu ta Damargu ya san ruwanta ba a kusa yake ba. Rani biyu ana wannan aiki. Shi yana ƙasa tare da mahaƙan, ni ina sama ina kora jakin da ke jan igiya, guga ya fito cike da ƙasa in juye in mayar. Itacen da ake tokare bangon rijiyar da shi, aduwa da ƙandili, shi ya sare su ɗaya bayan ɗaya ya jawo daga nesa. A can ƙasa ne ya samo tarin da bai rabu da shi ba har ya mutu.

Ran da ruwa ya fito, da farko yashi ne mai danshi ya zo cikin guga. Na damƙa, na ji sanyi a tafin hannuna, sai na zauna a ƙasa daɓas. Kafin la'asar ruwa ya taru. Na ɗanɗana, ba gishiri ba kanwa, garɗi kamar na sama. Matan tunga suka yi ta guɗa. Ni ko sai na ƙara ɗiba na sha.

Ba mu daɗe muna sha ba sai dattijon nan mai tsohuwar rijiya ya kai ƙara wurin maigari. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, don yana da hujjarsa. Al'adar wurin ita ce, tsakanin rijiya da rijiya a bar tazara, don kada shanun baƙi su sha a sabuwa su je su cinye ciyawar da mai tsohuwa ke tattali saboda ƙarshen rani. Mutanen da, da tafiyar saniya suke aunawa. To saniyar wa? Tasa doguwa ce mai sauri, tamu gajera ce mai ciki. Aka yi ta ja, kowa da nasa lissafi. Sai wani da ya zo daga Tanut ya ce ai yanzu ba a awo da saniya, kilomita goma sha biyar ake bari. Kowa ya gyaɗa kai, alhali a cikinmu ba wanda ya san tsawon kilomita a kan yashin da ba dutse ba alama.

Nan ne yayana ya shigo zancen, ba wanda ya kira shi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya tafi Damagaram tun yana saurayi, ya kama fataucin fata da gero da gujiya, Allah ya buɗa masa, har ya sayi mota a-kori-kura a hannun wani Bature da zai koma gida. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta wajenmu. Mutum ne mai son a kalle shi. In zai tsaya sai ya danna oda tun daga nesa, don yara da kaji su san ya iso. Kafin wannan rigima da ɗan lokaci ya cire tayoyin motar ya sa mata wasu manya da ya samo daga wata babbar mota, wai don kada ta riƙa kafewa a yashi. Har sai da aka yanke ƙarfen da ke bisa tayoyin kafin su shiga. Motar ta yi tsayi ƙerere, kamar yaron da ya sa takalman ubansa, shi ko yana ta zagaya ta yana shafawa.

Ya ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, me ya kawo wahalar saniya? Motata tana da agogo, kwantar ake ce masa, duk inda ta taka sai ya ƙirga. Ƙarfe ba shi da suruki, ba shi da abokin gaba."

Maganar ta yi wa mutane daɗi. Dattijon ne kaɗai ya yi turus, ya ce mai motar ai yayan matar abokin shari'arsa ne. Don a kwantar masa da hankali aka ce kowa ya dafa Alƙur'ani. Na tare maigidana a ƙofar gida, na ce, "Malam, kada ka rantse a kan abin da ba ka san cikinsa ba." Ya ce ƙafata da tasa sun san nisan wurin nan, ba abin tsoro. Ya je ya dafa, ya ce in agogo ya nuna ba ta kai ba, shi da hannunsa zai cike rijiyar. Dattijon ma ya dafa, ya ce in ta kai ba zai sake tada maganar ba.

Ranar awo aka ɗauko malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Tanut, don shi ya iya karanta lamba. Suka fara daga bakin tsohuwar rijiya, maigari da malamin a gaba, maigidana da dattijon a baya suna riƙe da ƙarfe. Mu mata muna jira a bakin tamu. Muka ji odar nan tun ba mu ga motar ba. Ta zo ta tsaya, malamin ya sunkuya ya daɗe yana duba, ya yi ɗan lissafi a tafin hannunsa, ya ce, "Goma sha huɗu da ƴar ɗoriya."

Na dubi maigidana, yana tsaye a bayan motar, ya kasa saukowa. Yayana ko ya fito ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce, "To, jama'a kun gani. Ko da yake surukina ne, ƙarfe bai san shi ba." Dattawa suka shiga sa masa albarka, wai ga mai gaskiya, bai bi son zuciya ba. Ina kallonsa yana kumbura yana sauke kai, irin sauke kan nan na mai jiran a ƙara. Sa'an nan ya waiwayo ya ce mini, "Ke, jawo guga ɗaya, motar ta yi zafi." Na jawo. Ya buɗe gaban motar ya ɗura mata ruwan rijiyarmu, ya rufe, ya tafi kasuwarsa.

Washegari maigidana ya ɗauki magirbi da kwando. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ya jira a sake awo, ya ce rantsuwa ba ta jira. Na ce wallahi ko ƙwayar yashi ba zan zuba ba. Na kwana biyu a kan bakana, amma ganinsa shi kaɗai yana kaiwa da kawowa yana tari ya fi ƙarfina, na ɗauki ƙwarya na bi shi. Ƙasar da na juye da hannuna, ita na riƙa mayarwa. Kowace ƙwarya in na zuba, sai an jima in ji faɗuwarta cikin ruwa can ƙasa. Daga baya aka daina jin ruwan.

Aikin ya ci makonni. A cikinsu yayana ya biyo sau biyu. Zuwansa na biyu ba zan manta da shi ba. Bai danna oda ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya leƙa. A lokacin ko rabi ba mu kai ba, itacen bango duk yana nan daram, da an dakata a ranar da ƴan kwanaki sun isa a yashe ta. Ya tambayi maigidana, "Yaya aiki?" Ya ce, "Da godiya." Ya shiga gidana, na dama masa fura da ruwan da na ɗauko daga tsohuwar rijiya, ya sha ya ƙoshi, ya ce ta yi daɗi. Bayan tafiyarsa ne maigidana ya fara zare itacen sama, don itace a wurinmu ba abin binnewa ba ne. Da aka zare, bangon ya rufta ciki gaba ɗaya.

Bayan kaka matar yayana ta haihu, na tafi Damagaram suna. Ranar ina tsakar gida tare da ita, ana gyaran kayan miya, tana ba ni labarin gari. Baiwar Allah ce, ba ta san komai ba. Cikin hira ta ce, "Ai motar nan ta sha gareji kafin damina. Wai agogonta ya zama ɓarawo, tun da aka sa mata manyan tayoyi yake cinye hanya. Yayanki har abinci ya daina ci sai da aka gyara."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna. Na ce, "Maimaita." Ta maimaita, tana dariya.

Ban tsaya neman mayafi ba. Na same shi a zaure shi kaɗai, yana jiran baƙi, ya sha rawani. Na ce, "Yaya, me ya sami agogon motarka?"

Da farko ya so ya mai da shi abin raha. Ya ce ai wannan zancen maza ne, amma tun da na tambaya, bari ya koya mini. Wai agogon ba hanya yake gani ba, juyin taya yake ƙirgawa. Taya in ta ƙara girma, juyi ɗaya sai ya ci ƙasa fiye da da, agogo ko bai san an sake ba. Na ce ya tsaya nan, na gane. Ni mai awon gero ce. In aka sake mini tiya aka ba ni babba, na ci gaba da ƙirga kamar da, buhu zai cika alhali bakina yana cewa da saura. Ya ce, "Yawwa, ashe kina da kai."

Ya ci gaba, har da ɗan alfahari. Wai a hanyar Tanut ya lura, inda akwai duwatsu masu lamba a gefen hanya. Dutse ya ce kaza, agogo ya ce bai kai ba. Ga allurar gudu tana nuna masa a hankali yake tafiya, ƙarafan ƙarƙashin mota kuwa suna ta karyewa a ramuka. Ya kai wa wani bakanike. Mutumin ya shafa alli a tsohuwar taya da sabuwa, ya gangara kowace a ƙasa juyi ɗaya, ya auna da igiya, sai ga sabuwar ta zarce da fiye da taƙi. Ya shiga ƙarƙashin motar ya ciro wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke juya wayar agogon, ya nemo wani daga matacciyar mota ya sa. Suka yi ta kaiwa da komowa tsakanin duwatsun hanya har lamba ta yi daidai da dutse.

Na ce, "Yaushe ka gane?"

Ya ce, "Oho, wa ke riƙe da wannan?"

Na ce, "Ni ke riƙe da shi. Ran da ka zo ba ka danna oda ba, ka leƙa ramin, ka sha furata. Ka sani a ranar ko ba ka sani ba?"

Ya gyara rawani. Can ya ce, "To in ce me? In tsaya gaban maigari da dattawa in ce motata maƙaryaciya ce? An riga an dafa Alƙur'ani. Wa zai sake yarda da awona a kasuwa? Ke ba ki san yadda sunan mutum yake ba."

Wallahi da akwai taɓarya kusa da ban san abin da zai faru ba. Na ce masa sunansa ɗin banza, sunan da aka gina da ƙasar rijiyata. Na ce ya ji kunya, ɗan uwata da ubana, ya tsaya yana kallon mutum mai tari yana binne guminsa na rani biyu, don kawai kada a ce tayarsa ta yi kuskure. Na ce ko dai ya sake wannan awo ina cikin motar, ko kuwa in jira zauren nan ya cika da baƙi in faɗa musu da bakina, tun daga liman har maroƙi. Ya san halina tun muna yara. Ya ce in rufa masa asiri, zai zo.

Ya zo ɗin, bayan ya ja ƙafa iyakar iyawarsa. Aka sake ɗauko malamin lakwal. Wannan karon ni na zauna a gaba, ban damu da wanda zai ce mace ta yi rashin kunya ba. Muka tashi daga bakin tsohuwar rijiya, dattijon da maigidana suna baya. Ban iya karatu ba a lokacin, amma ban ɗauke ido daga lambobin nan ba, ina kallo suna juyawa ɗaya na ture ɗaya. Abin da ya sa ke nan, da aka kawo karatun manya tungarmu daga baya, lamba na fara koya kafin harafi. Tun ba mu hango bukkokinmu ba malamin ya yi gyaran murya ya ce an cika goma sha biyar. Muka ci gaba da tafiya, tafiya mai kyau, kafin mu tsaya a bakin kwarin da ya rage a gurbin rijiyar. Ya ce, "Goma sha shida."

Yayana bai fito daga motar ba. Dattijon ya sauko, ya dafa sandarsa, ya daɗe yana duban wurin. Ya ce wa maigidana, "Allah ya sani ba haka na so ba. Ka haƙa, ba ni da magana." Maigidana ya dubi kwarin, ya dubi hanyar da muka biyo, ya ce, "Ashe ta kai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Mun kira mahaƙan nan na Belbeji. Babbansu ya zagaya wurin, ya caka sanda, ya ce ba ɗan da zai tura cikin rijiyar da ta rufta, sai dai a fara sabuwa daga gefe. A fara da me? Karsanu sun tafi, itacen kusa an sare, maigidana in ya hau ɗan tudu sai ya tsaya ya nemi numfashi. Maigari ya ce abin da ya wuce ya wuce, a yi haƙuri, kada a tozarta mutumin kirki a kan kuskuren ƙarfe. Na koma bin jakuna zuwa tsohuwar rijiya. Dattijon ya riƙa tsayar da shanunsa in na zo, ya ce a bar ni in fara ɗiba, amma nisan bai ragu ba.

Ranar kasuwa ta gaba sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Kafin in fito har ta tashi. Na tarar da tano, gangar ƙarfen nan da ake zuba man mota, cike da ruwa, an ajiye ta jikin danga. Ba sallama, ba saƙo. Raina ya ɓaci har ina ganin duhu. Na sa kafaɗa zan tunkuɗe ta, in ya dawo ya ga laka a inda ya ajiye sadakarsa. Sai na ji an taɓa zanena. Ƴata ce, wadda nake goyo lokacin haƙa, ta fara tafiya, tana riƙe da ɗan ƙoƙo ta miƙo mini.

Na buɗe. Na zuba mata, ta shanye ta sake miƙowa. Ni ma na sha.

Tun daga ranar, duk kasuwa sai ya sauke tano ya wuce, ni kuma ban taɓa mayar masa da ko ɗaya ba, don ba ni da halin mayarwa. Wannan ya fi cike rijiyar ci mini rai. Ruwan da na yi shekaru ina shayar da ƴaƴana ke nan, ruwa mai warin man mota, matan tunga suna biyo ni da ƙwarya a ba su kaɗan, suna ce mini in gode wa Allah da ya ba ni ɗan'uwa mai zumunci.